Shekarar da Masu Gwaji Suka Yi wa Baba Gayya

Duk sanda na kai ku ƙauye sai wani ya nuna muku gonar da ke gabas da tsamiya, ya ce a nan ne aka taɓa kawo likitoci suka yi noma da takalmi sau-ciki. Ku yi dariya, ni ma in taya ku. Sai dai labarin ya bi bakuna da yawa, har ya kai wasu na cewa kakanku ne ya tafi birni ya roƙi a zo a taimake shi. Bai je ko'ina ba, bai roƙi kowa ba. Waɗanda suka zo ma ba likitoci ba ne, masu aikin ɗakin gwaje-gwaje ne irinsa. Zan rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya tuna shi daki-daki, domin a gabana aka yi, kuma ni na jawo shi.

Kakanku, Malam Sule mai gwaji, shi kaɗai ne a ɗakin gwajin ƙaramin asibitin da ke kusa da Kunci. Jini, fitsari, kaki, duk hannunsa suke bi. Da asuba ya leƙa gona, da hantsi ya hau keke ya tafi aiki, da la'asar ya dawo ya sake ɗaukar fartanya. Hannunsa kullum ƙamshin sabulu yake, farcen babban yatsansa kuwa ba ya rabuwa da ɗigon rinin gwaji. Ni ce babba a gidan, ina ƙaramar sakandare a lokacin, kuma ban iya magana a gaban mutane ba. In malami ya kira sunana a aji sai in sunkuyar da kai. Abin da na iya shi ne kallo. Na san tafiyar kowa a unguwarmu daga ƙarar takalminsa, na san ranar da Inna ta ƙara kanwa a miya.

Asabar ɗin ƙarshen wata ita ce ranar Baba. Ranar ce ƙungiyarsu ta masu aikin gwaji take zama a Bichi. Tun daren Juma'a zan zuba gawayi a dutsen guga in goge masa farar rigarsa. A can suke koya wa juna abin da ya shigo sabo a aikin, su duba wa juna gwajin da ya ba wani wahala, su haɗa baki su nemi a ba su safar hannu da abin rufe hanci, su jawo yaran da aka ɗauka aiki sabo a jiki. Yakan dawo da ƙuli-ƙulin kasuwa da labari cike da baki. Yana cin tuwo yana kwaikwayonsu ɗaya bayan ɗaya, har Inna ta ce ya bari kada ya ƙware. Ta haka na san shugabansu Malam Yakubu, Kirista ɗan wani ƙauye can bayan Watari, mai wushirya da dariyar da ake jiyowa daga bakin titi. Na san Hajiya Binta, wadda in ta cire tabarau kowa ke shiga taitayinsa. Ban taɓa ganinsu ba, amma a raina kamar 'yan uwanmu ne da suke zaune nesa.

A bazarar wannan shekarar Baba ya fara tari. Da fari mun ce zafi ne da ruwan randa. Sai rigunansa suka fara yi masa yawa, ya bar kwaikwayon mutane a kan tuwo. Wata rana ya dawo daga aiki da wuri, ya jingine keke, ya daɗe yana wanke hannu a bakin rariya. Ina tsugune ina tsince shinkafa na ji ya ce da Inna:

"Na duba nawa yau. Abin da nake gani a kakin mutane, shi na gani."

Tarin fuka ne. Aka ba shi hutu a wurin aiki, ya fara shan magani, ya koma ɗakin da ke kusa da zaure ya buɗe tagarsa dare da rana. Ya ware kofinsa, ya hana mu zama kusa da shi a 'yan makonnin farko. Ni nake wanke masa kaya, kuma na lura guminsa yana rina singileti launin ruwan goro. Na tsorata na nuna wa Inna, shi kuwa ya jiyo mu ta taga ya ce maganin ne ke yin haka, kada mu damu.

Abin da magani bai iya ba shi ne bakin mutane. A unguwarmu maza ciyayya suke yi, bayan magariba kowane gida ya fito da akushi a zauna a ƙofar gidanmu a ci tare. Da labari ya fita sai tabarmar ta koma ƙofar gidan Kawu Tanimu, maƙwabcinmu wanda gonarsa ke manne da tamu. Ba wanda ya faɗi wata magana marar daɗi. Suna gaishe shi, amma daga nesa, hannu a ƙirji. A makaranta yarinyar da muke zama benci ɗaya ta ce idonta ba ya ganin allo sosai, ta koma gaba.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka da ƙyar, Baba yana saran rami yana hutawa, ni da ƙannena muna zuba iri muna takewa. Gero da dawa suka fito, ciyawa ta fito tare da su. Noman farko aikin ƙarfi ne, kuma ba ya jira. A wurinmu gayya ake yi, mai gona ya aika goro gida-gida, ranar da aka sa maza su fito da fartanyoyi a gama masa, shi ma ya je wa kowa in tasa ta zo. Baba bai taɓa fashin gayyar wani ba, ko da zai nemi izini a wurin aiki. Ya ba ƙanena goro a ganye ya zaga da shi. Kafin la'asar goron ya dawo. Wannan ya ce baya na ciwo, wancan ya ce yana da tafiya, Kawu Tanimu ya ce a gaya wa Malam ya yi haƙuri, bana aiki ya yi wa kowa yawa. Baba ya karɓi ƙunshin ya ajiye a kan taga, yana nan har ya bushe ya yi baƙi.

Abincinmu na shekara yana cikin gonar nan. Kullum in na dawo daga makaranta ta gefenta nake bi, ina ganin harƙiya tana hawa kan gero, ganyensa yana komawa rawaya. Mun gwada ni da ƙannena, amma kafin mu gama kunya ɗaya ta baya ta sake rufewa. Wata safiya Inna ta tsaya a bakin ɗakinsa ta ce:

"Malam, ko a sanar da mutanen ƙungiyarku?"

"In ce musu me? Mai gwajin tari ya kwashi tari? Ni da nake koya wa yara yadda ake riƙe kwalbar kaki? Na aika musu cewa aikin gona ne ya riƙe ni. Kada in sake jin maganar nan a gidan nan."

Inna ta juya ta koma madafi. Amma da Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo, na tashi na tarar ta wanke mini hijabin makaranta, ta ƙulle kuɗin mota a gefensa, ta juya baya tana ta faman hura wutar da ta riga ta kama. Ba ta ce in je ba, ban ce za ni ba. Na san in na tafi na saɓa wa Baba a kan abin da ya faɗa da bakinsa, abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya a zaure ina jin tarinsa ta bayan bango. Sannan na fita.

Na sami wurin taron a Bichi da tambaya, wani dogon ɗaki a bayan babban asibiti, da bencuna da allo. Suna ta gardama a kan wani sabon gwajin zazzaɓi, wani na cewa ya fi sauri, wani na cewa shi bai yarda da abin da idonsa bai gani ba. Na tsaya a jikin ƙofa har ƙafata ta yi tsami. Wata mata mai tabarau ce ta hango ni.

"Yarinya, gwaji aka aiko ki? Yau babu aiki a nan, ki zaga ta gaba."

Na girgiza kai. Sai wani mutum ya yi dariya a kan wata magana, na ga wushirya, na san shi ne. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Malam Yakubu nake nema. Ni 'yar Malam Sule ce."

Kowa ya juyo ya dube ni. Aka shigo da ni, Hajiya Binta ta cire tabarau ta zaunar da ni kusa da ita. Na faɗa musu komai ina kallon yatsun ƙafata, tarin, maganin, tabarmar da ta tashi, goron da ya dawo. Sau da yawa sai ta ce in ɗaga murya na baya ba sa ji. Da na gama Malam Yakubu ya ce:

"Shi ya aiko ki?"

"A'a. Hanawa ya yi."

"Sule ke nan," in ji shi, yana shafa fuska. "Wa ke cikinmu da bai zauna da kakin mutane a ɗaki mai taga ɗaya ba? Yau shi ne, gobe ni ne."

Wani ya ce a haɗa masa gudummawa. Malam Yakubu ya ce in an kai wa Sule kuɗi a ambulan zai dawo da shi ko buɗewa bai yi ba. Ya juyo ya tambaye ni me ya fi damun gidan a yanzu. Na ce ciyawa ta cinye gero. Ya dubi mutanensa ya ce to Asabar mai zuwa kowa ya nemo fartanya. Wani saurayi mai gogaggen wando, wanda suke kira Sabo ɗan Rijiyar Zaki, ya ɗaga hannu.

"Shugaba, ni fa fartanya a littafin firamare na san ta."

"Za ku gaisa ranar Asabar," in ji Hajiya Binta.

Da na dawo gida Baba yana zaune a bakin ɗakinsa. Ya tambaye ni daga ina, na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ɗaga murya ya ce da Inna:

"Ki gaya wa 'yarki ta kyauta."

Daga ranar ya daina yi mini magana. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice, in yana son ruwa ya kira ƙanena.

Ranar Asabar da hantsi wata tsohuwar bas ta tsaya a bakin tsamiya, suka firfito da fartanyoyin aro, wasu da hular rana, wasu da takalman ofis. Unguwa duk ta fito kallo. Malam Yakubu ya yi sallama a zaurenmu har sau uku, Baba ya aiko cewa yana godiya amma ba zai iya fitowa ba. Hajiya Binta da sauran matan suka shige wurin Inna aka hau dama fura, ni kuma aka ce in kai maza gona.

Malam Yakubu ɗan manoma ne, da ya sunkuya sai ka ce jiya ya bar ƙauye. Ya jera su, ya nuna musu yadda ake bambanta gero da ciyawa, ya ce wanda ya sare gero ɗaya zai ba da labari a taro. Suka kama aiki irin yadda suka saba a wurin aikinsu, ba sa barin ko tsinke. Lalo da karkashin da Inna take bari su girma don miya duk suka tafi. Sabo yana sara yana duba tafin hannunsa yana salati.

Kun san gonakinmu, babu fili a tsakani, wannan na ƙarewa wancan na farawa. Iyakarmu da Kawu Tanimu 'yan kututturan gamba ne a jere, awaki sun cinye su da rani, sun fara tohowa ke nan. Mu mun san iyaka ce, baƙo kuwa ciyawa zai gani. Ina tsaye da butar ruwa na ga fartanyar Sabo ta tumɓuke na farko. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Manya ne, maza ne, kuma sun zo taimakonmu, ta ina zan fara ce musu ku tsaya? Na ce a raina bari ya ɗago sai in faɗa masa. Bai ɗago ba. Sauran suka biyo shi, suka share gamban kakaf, suka faɗa gonar Kawu Tanimu suna ta yabon kansu cewa hannu ya fara faɗawa. Sun yi nisa sosai kafin muka jiyo ihu daga wajen gari.

"Kai! Kai! Ku dakata! Wa ya aiko ku gonata? Ina gambana?"

Kawu Tanimu ne yake gudu, riga a kafaɗa, 'ya'yansa da rabin unguwa a bayansa. Ya tsaya inda yake zaton iyakar take, ya duba gabas ya duba yamma, ƙasa duk ta zama iri ɗaya, baƙa, a share. Malam Yakubu ya cire hula ya ba shi haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba. Sabo ya ɗauko wani kututturen gamba ya ce ko a mayar.

"A mayar ina? Ka san inda ka cire shi? Ɗan nan, iyaka ce ka riƙe a hannunka kamar albasa!"

Mutane suka fashe da dariya, wani tsoho ya ce ai Tanimu godiya ya kamata ya yi, an yi masa noma kyauta, kuma wanda gayya ta shiga gonarsa dole ya rama. Kawu Tanimu bai yi dariya ba. Maganar iyaka ba wasa ba ce a wurinmu, kuma ba a kafa ta sai masu gona biyu suna tsaye, kowa ya yarda da bakinsa a gaban shaidu. In ya kafa ta shi kaɗai, gobe a ce ya ci gonar marar lafiya. Ya tsaya yana huci. Can ya dube ni.

"Ke, je ki kira ubanki."

"Kawu, ba ya yi mini magana," na ce. Ban san yadda aka yi ta fito da ƙarfi haka ba, kowa ya ji.

Ya saɓa rigarsa ya nufi gari da kansa. Ban san abin da suka faɗa wa juna a zaure ba, ba wanda ya taɓa gaya mini. Mun dai hango su suna tahowa, Baba a hankali da sanda, Kawu Tanimu yana rage sauri don kada ya bar shi a baya. Da suka iso Malam Yakubu bai jira komai ba, ya rungume Baba da ƙasa a jikinsa, ya ce:

"Aikin gona ne ya riƙe ka, ko? To ga mu mun zo mun ga aikin."

Baba ya sunkuyar da kai, sauran suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu. Mutanen unguwa suna kallo. Sannan aka hau neman iyaka. Baba ya ce daga saitin tsamiya zuwa tsohon shuri, Kawu Tanimu ya ce a'a, ta ɗan karkata wajen da mahaifinsa ya binne dutse. Suka tsuguna tare suna tona da hannu, kai da kai, har suka sami dutsen. A nan aka mayar da gamban, Baba na riƙewa Kawu na turo ƙasa. Da suka miƙe sai 'ya'yan Kawu Tanimu suka karɓi fartanyoyi daga wurin baƙin da hannunsu ya yi kanta, wai ba za su iya kallon ana wahalar da ƙasa haka ba. Kafin azahar maza sun cika gonar.

A gindin tsamiya aka sha fura. Hajiya Binta ta karɓi ludayi daga hannun Baba ta sha, Kawu Tanimu yana kallonta.

"Hajiya, ku ba kwa tsoro ne?"

"Muna tsoro mana, mu da muke ganin abin da idonmu. Amma wanda ya daɗe yana shan magani kamar Malam Sule ba shi ne abin tsoro ba, kuma ba a ludayi ake ɗauka ba, a iska ne. Abin tsoro shi ne mai tarin da ya ƙi zuwa a duba shi. Na ji kana ɗan yi tun ɗazu."

"Ƙurar gudu ce!" in ji Kawu, aka yi ta dariya. Amma ya miƙa hannu ya karɓi ludayin.

Gero ya farfaɗo. Maimai, wato noma na biyu, mutanen unguwa ne suka yi mana shi, ba tare da an aika goro ba. Ƙungiyar ta riƙa turo mutum yana riƙe wa Baba ɗakin gwaji har ya warke, kuma suka yi ta bin maganar har aka fasa wa ɗakin babbar taga. Kowa ya sami abin da yake so, ban da ni. Damina ta wuce Baba bai ce mini ko sannu ba. Yana hira da ƙannena, yana dariya da Kawu Tanimu, in na shigo sai ya kama gyaran rediyo. Na yi kuka a bayan rumbu ba sau ɗaya ba. Inna ta ce in bar shi, ya san abin da na yi daidai ne, abin da ya kasa haɗiyewa shi ne an ga rauninsa, kuma ta hannun 'yarsa. Ban yi nadama ba, amma na san tsadar abin a wannan daminar.

Bayan an yanke gero ya gama maganinsa. Ranar da za a yi masa gwajin ƙarshe ya fito da keke, ya tsaya a tsakar gida ya ce da Inna a ce wa yarinyar nan ta sa hijabi. Ya goya ni a baya har asibiti. Malam Yakubu ne ya zo da kansa ya duba, domin a ƙa'idarsu mutum ba ya yanke wa kansa hukuncin warkewa. Ya daɗe da ido a kan madubin gwajin, sannan ya ɗago ya matsa gefe yana murmushi. Baba ya duba shi ma. Sai ya jawo kujera, ya dafa kafaɗata ya zaunar da ni, ya nuna mini yadda zan sa ido in juya ɗan maɓallin a hankali.

"In akwai ciwon, za ki ga 'yan jajayen sanduna ƙanana. Duba ko'ina, kada ki yi sauri. Ke kin fi kowa gani a gidanmu. Me kika gani?"

Na duba sama, na duba ƙasa, na bi gefe-gefe. Shuɗi ne kawai, fili guda, kamar sama bayan an ɗauke ruwa.

"Babu komai, Baba."

"Sake dubawa, Hindatu."

Na sake sa ido, amma wannan karon ban iya ganin komai ba, sai da na goge fuskata da gefen hijabi.